Hayaƙi Ba Ya Gangara Rami: Gyaran Mafitar Hayaƙin Kicin Da Ƙasa Ta Binne



 

A cikin saƙonnin da ake turo mana akwai koken da yake yawan maimaituwa daga wajen matan gida: ciwon kai bayan an sauke girki, jiri, idanu su yi jajur suna zubar da hawaye, tari mai naci, yaron goye kullum cikin mura da shaƙewar ƙirji. Tambayar kuma kusan iri ɗaya ce: "Malam, wane haɗi zan yi?" To yau kafin mu kai ga zuma da habbatus sauda, mu ma ga tamu tambayar: uwargida, hayaƙin kicin ɗinki ta ina yake fita?

A gidaje da dama amsar ita ce: ta wata kafa ko bututu a jikin bango, wanda idan ka zagaya ta waje ka duba, za ka tarar bakinsa yana dab da ƙasa, ko ma ya nutse ƙasa da matakin titi, yana kallon kwata. Irin wannan mafita sunanta kawai mafita. A karanta a natse, maigida da uwargida duka, domin gyaran na maigida ne, shaƙar kuma ta uwargida ce da 'ya'yanta.

*YAYA AKE YI MAFITA TA KOMA ƘARƘASHIN ƘASA?*

Da wuya a sami maginin da zai yi haka da gangan. Yawanci ƙasar ce take tasowa ta riske ta.

Duk wanda ya san tsofaffin unguwanni na cikin birni ya san gidajen da sai ka taka matakala ka gangara kafin ka shiga zaure. Lokacin da aka gina su daidai suke da hanya. Sai aka zo aikin titi aka zuba marmara, aka yi kwalbati, bayan wasu shekaru aka sake ɗora wani cikon. Maƙwabci ya rushe nasa ginin ƙasar ya baje ɓaraguzan ya ɗora sabon gini a kai. Kowace damina ruwa ya kwaso yashi da shara ya jibge a gindin bango. A hankali a hankali, kafar da a da take kai wa gwiwa ko ƙugu, sai ga ta a cikin rami.

Akwai kuma gidajen da aka gina a gangare, bangon baya yana jingine da tudu, kicin ɗin kuma a can baya aka ajiye shi. Akwai benayen da suke da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake ba wa 'yan haya ko masu sayar da abinci. Sannan ga kicin na zamani, wanda aka saka masa fankar zuƙe hayaƙi, amma don kada bututu ya ɓata kwalliya sai aka bi da shi ta ƙarƙashin tayil, ya ɓulla ta gindin bango. Wani ma'aikacin ma don gudun wahala sai ya cusa bakin bututun cikin lambatu ko ramin ruwan wanka ya shafe da siminti, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

*ME YA SA WANNAN MATSALA CE?*

Allah cikin hikimarsa ya halicci iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, shi ya sa hayaƙi kullum sama yake nufa. Ka ce masa ya yi ƙasa ya bi ta rami, kamar ka ce wa ruwa ya hau tudu ne. Idan babu fanka mai ƙarfi da za ta tura shi, ba zai bi ba. Zai taru a saman ɗakin ya cika shi, ya sauko daidai hancin mai girki. Idan ma akwai fankar, ranar da aka ɗauke wuta fa?

Ga abubuwa huɗu da irin wannan mafita take jawowa:

*1. Hayaƙi yana dawowa.* Ramin da bakin bututun yake ciki yana cika da leda, ganye da turɓaya. Ɗan abin da ya samu fita ma sai ya tsaya a gindin bango ya sake shigowa ta taga ko ƙarƙashin ƙofa.

*2. Ruwa yana shiga.* Da an yi ruwan sama mai ƙarfi, bututun hayaƙi ya koma rariya. Ruwan kwata ya kwanta a cikinsa ya toshe shi, ya haɗu da maiƙon girki ya ruɓe, ƙarfe ya yi tsatsa, bango ya jiƙe ya yi funfuna. Sauro kuma ya sami wurin ƙyanƙyasa a cikin gida.

*3. Ƙofa ce ga baƙin da ba a gayyata ba.* Ɓera, gafiya, kyankyaso, kunama, har maciji. Ƙanshin maiƙo yana kiransu, hanya kuma ga ta a shimfiɗe har kan tukunya. Mu tuna zazzaɓin Lassa ta hanyar fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci.

*4. Gas ba ya samun hanyar fita.* Wannan shi ne mutane ba su cika sani ba. Gas ɗin girki na silinda ya fi iska nauyi, ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan ya yi yoyo, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya nemi wuri mafi zurfi. Idan daɓen kicin ya fi ƙasar waje zurfi, to kicin ɗin ya zama kwano, gas ya taru a ciki yana jiran ashana ɗaya ko tartsatsin makunnin lantarki. Allah ya kiyaye.

*ABIN DA HAYAƘI YAKE YI WA JIKI*

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, daga ciki akwai yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 237,000. Hukumar ta kuma ce kusan rabin yaran wannan shekarun da ciwon huhu yake kashewa, shaƙar baƙin hayaƙin cikin gida ne sila. Ga manya kuwa, ana danganta shi da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, cutar toshewar huhu, kansar huhu da yanar ido. Mai ciki da take yini a cikinsa tana iya haifar jariri mara nauyi.

Ki ɗaga kai ki dubi kunkunniyar da ta yi baƙi ƙirin a rufin kicin. Abin da ya rina kwano da katako haka, shi ne yake shiga ƙirjinki safe da rana da yamma, da ƙirjin yaron da yake goye a bayanki.

Wannan hayaƙin da ido yake gani ke nan. Akwai wanda ya fi shi sharri, wato iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle mutum ya ankara. Tana fitowa ne duk lokacin da wuta take ci ba tare da isasshiyar iska ba, ko itace ne, ko gawayi, ko risho, ko gas, ko janareta. Gawayi ya fi yaudara, domin idan ya zama garwashi ba ka ganin hayaƙi, sai ka ɗauka ya gama, alhali a lokacin yake ta fitar da ita.

Idan ta shiga huhu, tana maƙale wa jajayen ƙwayoyin jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin sama da sau 200. Sai jini ya riƙa zagayawa da ita a maimakon iskar da ƙwaƙwalwa da zuciya suke buƙata. Farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Daga nan ruɗewa, ƙafafu su ƙi ɗaukar mutum, barci mai nauyi, suma. Wanda ta riska yana barci, sau da yawa ba ya farkawa.

Alamomin suna kama da na maleriya, shi ya sa ake ta shan magani ba a ganin sauƙi. Ga yadda za a bambance: idan mutum biyu ko uku a gida suka kamu da ciwon kai lokaci guda, babu zazzaɓi, idan an fita waje an sha iska ya lafa, an dawo ya dawo, to a zargi iskar gidan. Waɗanda suka fi saurin jigata su ne jarirai, masu ciki, tsofaffi, masu sikila, masu asma da masu ciwon zuciya. Ɗan tayi ma ya fi uwarsa riƙe wannan guba a jininsa, don haka uwa tana iya jin sauƙi alhali shi yana cikin wahala.

*ME ADDINI YA CE?*

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa Al-Ash'ari, Allah ya ƙara masa yarda, cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da labari ya kai ga Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, sai ya bayyana wa sahabbai cewa wuta abokiyar gaba ce, ya umarce su da su riƙa kashe ta idan za su kwanta. A hadisin Jabir kuma ya yi umarni a rufe ƙwarya da tukwane, a kulle ƙofofi, a kashe fitilu, ya ambaci ɓera da yake iya jan lagwani ya ƙone mutanen gida. Ku duba fa: wuta, ɓera, abinci a buɗe, dare. Duk abubuwan nan huɗu suna haɗuwa a kicin ɗin da mafitarsa take cikin rami.

Sannan ga babbar ƙa'idar shari'a ta hana cutar da kai da cutar da wani, wadda malamai suka gina hukunce-hukunce masu yawa a kanta. Malaman Malikiyya sun yi magana a kan hayaƙin gidan burodi da na gidan wanka idan yana cutar da maƙwabta. A Tunis, a ƙarni na 14 miladiyya, an yi wani magini masanin fiƙihu da ake kira Ibnur Rami, wanda alƙalai suke turawa ya duba rigingimun gini, ya kuma rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini, har da cutarwar hayaƙi a ciki. Ashe maganar inda hayaƙi zai fita tsohuwar magana ce a Musulunci.

Maigida, kai ne makiyayin gidanka, kuma za a tambaye ka game da abin da aka ba ka kiwo. Ciyarwa da tufatarwa wajibi ne, haka ma mazaunin da ba zai cutar ba. Matar da take tsayawa awa uku ko huɗu kullum a gaban murhu don ka ci, tana da haƙƙin iskar da za ta shaƙa.

*GWAJI UKU DA ZA KA YI YAU, BA KO SISI*

*Na ɗaya, gwajin ido.* Zagaya bayan kicin ka nemo bakin mafitar. Nawa ne tsakaninsa da ƙasa? Duba jikin bango, za ka ga layin da ruwan damina ya bari. Idan bakin yana ƙasa da wannan layin, ruwa yana shiga. Zura sanda ka ji ko akwai laka.

*Na biyu, gwajin turare.* Kunna turaren tsinke ka riƙe shi kusa da mafitar ta ciki lokacin da ake girki. Idan hayaƙinsa ya bi kafar ya fita, tana aiki. Idan ya tsaya yana yawo, ko ya karkato cikin ɗaki, ba ta aiki. Mai fanka kuma ya kunna ta ya kara takarda mara nauyi a bakinta. Idan ba ta kama takardar ta riƙe ba, ko bututu ya toshe ko fankar ta gaji.

*Na uku, gwajin tiyo.* Irin wanda magina suke yi. Samo siririn tiyo mai garai-garai ka zuba ruwa, baki ɗaya a cikin kicin, ɗaya a waje. Ruwan yana tsayawa a mataki ɗaya a ɓangarorin biyu. Auna daga saman ruwan zuwa daɓen kicin, a auna daga saman ruwan zuwa ƙasar waje. Inda awon ya fi tsawo, nan ne ya fi zurfi. Idan kicin ne ya fi zurfi, maganar gas da muka yi a sama ta shafe ka kai tsaye.

*YADDA ZA A GYARA*

Ƙa'idar guda ɗaya ce, a riƙe ta: kicin yana buƙatar hanya biyu. Ta ƙasa, inda sabuwar iska za ta shigo. Ta sama, inda hayaƙi zai fita. Ɗaya ba ta aiki sai da ɗaya. Ko fanka mai tsada ce, idan an rufe ƙofa da taga ruf, ba ta da abin da za ta ja, ƙarshe ma sai ta janyo warin magudanar ruwa zuwa cikin ɗaki.

*Hanya ta farko, kuma ita ce mafi inganci: a toshe ta ƙasa, a buɗe ta sama.*

A kwashe lakar da maiƙon da suka taru, a cire tsohon bututun idan zai ciru, a toshe ramin da bulo da siminti ciki da waje, a yi masa shafe mai kyau don kada ruwa ya tsattsafo. Sannan a fasa sabuwar kafa a saman bango, dab da rufi, daidai saitin murhu. Ga mai gas ko risho, wannan kafar da ƙaramar fankar bango sun wadatar, tare da taga a buɗe.

Ga mai itace ko gawayi, abin da ya fi shi ne bututun ƙarfe da zai miƙe tsaye ya ɓulla ta rufi, da hula mai faɗi a saman murhu da za ta tattaro hayaƙin. Masu ƙirar langa-langa da masu walda suna yin wannan. Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi a ƙasashe da dama ita ce: bututun ya ɗara inda ya huda rufin da aƙalla ƙafa 3, kuma ya fi duk wani abu da yake cikin tazarar ƙafa 10 tsawo da ƙafa 2. Dalili kuwa, idan katanga ko soron bene ya fi shi tsawo a kusa, iska tana dukan katangar ta danno hayaƙin ƙasa. A bar tazarar inci 18 tsakanin bututun da katako ko azara, a sa masa malafa a kai saboda ruwan sama, a kuma liƙe inda ya huda kwano don kada ya yi yoyo. Rufin ciyawa kam, kada a ratsa shi da bututu mai zafi.

*Hanya ta biyu: a ɗago bakin bututun sama.*

Wannan ta dace da wanda bututunsa ya riga ya bi ta ƙarƙashin tayil, kuma fasa kicin ɗin zai ci kuɗi. A haƙe ƙasar da take bakin bututun ta waje har ya bayyana sosai. A ɗaura masa gwiwa, a miƙar da sabon bututu sama a jikin bango, a ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe. Mafi ƙarancin tsawo shi ne ƙafa ɗaya daga ƙasa, amma a ƙasarmu mai ruwan Agusta kada a tsaya a nan: a wuce layin da ambaliya ta taɓa kaiwa, gara ma a wuce tsawon mutum, don kada yara su zura hannu ko su cusa duwatsu.

A kula da waɗannan:

• Faɗin sabon bututun kada ya gaza na bakin fankar. Yawancin fankokin kicin inci 6 suke so. Idan aka rage, ƙarfin iska ya tafi.

• A yi amfani da ƙarfe mai santsin ciki. Bututun nan mai lanƙwasa kamar maƙogwaro yana tara maiƙo a lunguna, maiƙo kuwa abincin wuta ne.

• Kowace gwiwa tana rage ƙarfin iska. A yi ƙoƙari kada su wuce biyu.

• A gindin inda bututun ya miƙe sama, a bar murfin da za a iya buɗewa a kwashe ruwa da maiƙon da suka taru, tunda nan ne wuri mafi zurfi. A zagaye wurin da bulo, a zuba tsakuwa a ƙasa.

• A liƙe kowace mahaɗa sosai, musamman waɗanda suke ƙasa da matakin ƙasa.

• A bakin ƙarshe a sa hula mai kallon ƙasa, da marfin da iskar fanka take buɗewa ya koma ya rufe da kansa, da raga mai hana ɓera da tsuntsu. Ragar kada ta zama irin ta sauro, maiƙo zai toshe ta cikin 'yan makonni.

• Bakin ya nisanci taga da ƙofa da aƙalla ƙafa 3, naka da na maƙwabci. Kada ka cire cuta daga gidanka ka kai ta ɗakin kwanan wani.

Wannan hanyar sai da fanka take aiki. Ba ta dace da murhun itace ko kurfoti ba, tunda hayaƙin sai ya fara yin ƙasa kafin ya hau.

*Hanya ta uku: a yi wa bakin ɗan gurbi.*

Idan babu halin biyun farko, a haƙa rami mai faɗi a gaban bakin, ya zurfafa ƙasa da bakin da kamar ƙafa ɗaya, a gina gefensa da bulo har ya ɗaro matakin ƙasa don kada ruwan hanya ya kwararo ciki, a zuba tsakuwa a gindi, a yi masa 'yar rumfar kwano a sama da sarari ta gefe. Wannan maganin wucin gadi ne kawai. Yana buƙatar shara duk mako, ruwa mai yawa yana cin ƙarfinsa, kuma kada a kuskura a ajiye silinda kusa da shi.

*Idan daɓen kicin ɗin ne gaba ɗaya ya nutse fa?*

A fitar da silinda waje, wuri mai inuwa da iska, a kan matakin ƙasa, nesa da rami da magudana, a jawo gas ɗin da bututun da ƙwararren mai aikin gas zai haɗa. Idan da hali a yi ciko a ɗaga daɓen. Idan babu, girki a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, irin na iyayenmu, ya fi lafiya nesa ba kusa ba. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa, ba wurin ajiye silinda ba ne sam.

Ɗan haya kada ya fasa bangon mutane ba izini. A sami mai gidan a nuna masa da idonsa, a daidaita ko zai gyara ko za a cire a kuɗin haya, a rubuta a gaban shaidu.

*ABUBUWAN DA BA A YI*

Ba a kai bakin bututu cikin silin. Maiƙo da zafi su taru a kan katako da wayoyin lantarki, gobara ke nan. Ba a kai shi cikin shadda, ramin ruwan wanka ko rufaffiyar kwata, domin iskar da take ruɓewa a can tana da guba, wata ma tana kama wuta, kuma bututun zai kawo ta har kicin. Ba a yi wa murhun itace ko gawayi bututun roba. Ba a toshe tagar kicin da tsumma ko kwali saboda sanyin hunturu ko ƙura.

*KAFIN A SAMU KUƊIN GYARA*

Ƙofa da taga a buɗe duk lokacin girki, da ɗan lokaci bayan an sauke. A hura gawayi a waje. A yi amfani da busasshen itace, kada a hura wuta da leda ko roba. Yaro ya zauna a wajen wani a tsakar gida har a gama. A lura da harshen wutar gas da na risho: shuɗi shi ne lafiya, idan ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, a wanke kan murhun ko a kai gyara. A riƙa shafa ruwan kumfar sabulu a mahaɗar tiyon gas, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ne yoyo. Idan aka ji warin gas, kada a taɓa makunnin wuta, ko na fanka ne, a rufe kan silinda, a buɗe ko'ina, a fita.

Garwashin da ya rage bayan girkin dare, a kashe shi. Kada a shiga da shi ɗaki don jin ɗumi, ko ɗakin mai jego ne. Kaskon turaren wuta ma, a turara a fitar kafin a rufe ƙofa a kwanta. Wannan ita ce sunnar da muka ambata.

Mai hali ya sayi ƙaramar na'urar nan mai batir da take ƙara idan kabon monoksaid ta yi yawa, ya sa ta kusa da ɗakunan kwana. Na'urar gano yoyon gas daban take, ita kuma kusa da daɓe ake sa ta.

*IDAN WANI YA FAƊI*

Buɗe ƙofofi da tagogi, ka fito da shi sarari nan take, kai ma kada ka daɗe a ciki. Idan yana numfashi amma ba ya cikin hayyacinsa, a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa madara, manja, ruwan rubutu ko wani abu, zai iya wucewa huhu ya ƙara masa wata cutar, kuma madara ba ta karya wannan gubar. A kira 112 ko a nemi mota zuwa asibiti, ana tafe ana addu'a. A gaya wa likita a fili cewa hayaƙin gawayi ko na murhu ake zargi, domin 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna iska lafiya lau alhali jinin cike yake da guba. Maganinta oksijin ne. Da iskar gari kawai, jiki yana ɗaukar awa 4 zuwa 5 kafin ya rage rabin gubar, amma da oksijin zalla a asibiti abin yana saukowa zuwa wajen awa ɗaya da 'yan mintoci. Ko da mutum ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi, musamman mai ciki da yaro.

Sannan mu ji tsoron Allah wajen saurin cewa "iska ce ta taɓa ta" idan mace ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Ruƙya gaskiya ce, tana da wurinta. Amma a fara fito da ita daga ɗakin, a duba murhun, a kai ta asibiti. Awa ɗaya da aka ɓata ana zagaye da ita a rufaffen ɗaki tana iya zama ta ƙarshe.

*TO INA MATSAYIN ZUMA DA HABBATUS SAUDA?*

Suna nan da albarkarsu. Cokalin zuma a ruwan ɗumi yana lafar da tari da kaikayin maƙogwaro ga babba da yaron da ya wuce shekara ɗaya. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma. Amma likitocin Musulunci na farko sun tafi a kan cewa kiyaye lafiya da kawar da abin da yake cutarwa suna gaba da shan magani, kuma a cikin abubuwan da suka lissafa lafiya ta dogara a kansu, iskar da mutum yake shaƙa suka sa a farko. Wanda yake shan zuma da safe ya koma cikin hayaƙi da rana, yana zuba ruwa ne a tulun da gindinsa ya huje. Tarin da ya wuce mako biyu kuma, ko yake fitar da jini, ko yake tafe da rama da gumin dare, a je a yi gwajin tarin fuka.

Maigida, yau bayan la'asar ka zagaya bayan kicin ɗin nan ka duba. Idan ka tarar da bakin mafitar a cikin rami, ka kira magini ko mai walda ya yi maka lissafi kafin ruwa ya sauka. Uwargida, ki nuna masa wannan saƙon cikin ladabi da lallashi.

Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da mugun hayaƙi, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya hore wa magidanta abin da za su riƙe amanar da aka ba su. A tura wa 'yan uwa da maƙwabta, musamman masu zama a tsofaffin unguwanni da gidajen haya.

Wassalamu alaikum warahmatullah.